Tambaya da Amsa: Na Bar Ƙwaya, Sai Ga Faɗuwar Gaba

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kukansu ɗaya ne. Mutum ya yi ta maza ya bar giya ko ƙwaya, ya shiga hannun likita, 'yan'uwa suna murna, sai wani firgici ya riƙa auko masa ba sallama, har ya fara tunanin gwamma jiya da yau. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina shan tiramol, har na kai ƙwaya uku ta 225 a rana. Yau kwanana 19 da dainawa, ina zuwa asibiti duk mako. Shekaranjiya ina cikin sahu a sallar isha'i sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi shiga, yatsuna suka ƙandare, na ce shi ke nan ajali ya zo. Aka kai ni asibiti, aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ce lafiya lau. To in lafiya lau ne, wannan mene ne? — Wani matashi, Kano

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, kwana 19 ba wasa ba ne. Da aka ce lafiya lau, zuciyar ake nufi, ba cewa aka yi ƙarya kake ba. Abin da ka bayyana shi ake kira firgicin farat-ɗaya, kuma sananne ne ga masu barin kayan maye.

Jikin ɗan'adam yana da ƙararrawar haɗari. In kare ya biyo ka, nan take wani sinadari mai suna adiranalin ke kwarara cikin jini: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, gumi ya keto, jini ya bar ciki ya koma ƙafafu don ka samu ka tsira. A firgicin farat-ɗaya ƙararrawar ce ke kaɗawa alhali babu karen. Ƙwaƙwalwa ta duba gabas da yamma ba ta ga abin tsoro ba, sai ta kama bugun zuciyar ta ce ga haɗarin nan. Tsoron ya ƙaro adiranalin, adiranalin ya ƙaro bugu. A haka abin ke hawa, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, yawanci ya lafa kafin rabin awa, ya bar mutum tiɓis kamar wanda ya wuni yana noma.

Ƙandarewar yatsun kuwa daga numfashi ta fito. Mai firgici ji yake iska ba ta isar sa, alhali yawa ta yi masa. Haki yana kwashe iskar kabon da jini ke buƙatar wani kaso nata, to in ta yi ƙasa sai hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, jiri ya zo, ido ya yi duhu-duhu. Kalsiyam mai aiki a jini ma ya ragu, leɓe da yatsu su yi tsam-tsam kamar ana tsira allura, wani lokaci hannu ya naɗe. Da numfashi ya daidaita duk wannan ke warwarewa, ba ya barin lahani.

Tiramol ya fi kodin jawo irin wannan firgici, domin aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa. Ɗaya irin na kodin ne, kashe zafi. Ɗayan irin na magungunan ciwon damuwa ne, yana ɗaga sinadaran ƙwaƙwalwa masu suna sirotonin da noradiranalin. Saboda haka mai barinsa yaye biyu yake sha lokaci guda, wato wahalar da jiki ke shiga in an raba shi da abin da ya saba. Na farkon, wato zubar hanci, hamma, gudawa da ciwon gaɓoɓi, yakan fara cikin kwana ɗaya, ya tsananta a rana ta biyu ko ta uku, ya wuce cikin mako zuwa kwana goma. Na biyun, fargaba da rashin barci da firgici, yakan yi makonni yana jan ƙafa. Kai kuma miligiram 675 kake sha a rana, alhali iyakar da likita ke ba mai ciwo 400 ce. Ƙwaƙwalwar tana bukatar lokaci kafin ta koma kan ma'auninta.

Shi ya sa likitoci kan jira kamar wata guda bayan dainawa kafin su yanke hukunci. In firgicin yana raguwa mako bayan mako, sawun ƙwayar ne, zai goge. In kuwa kana fama da shi tun kafin ka fara sha, ko ya wuce wata yana maimaituwa har kullum kana cikin zullumin dawowarsa, to ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana da magani. Kafin nan ka roƙi a duba maka yawan jini, sukari, maleriya da aikin tayirod, ƙululun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don kowannensu yana iya kwaikwayon firgici.

In ya sake zuwa, zauna. Rufe baki, ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka bar ciki ya taso ba kafaɗa ba, sannan ka fitar ta leɓe kamar mai hura koko mai zafi kana ƙirga shida. Fitarwar ce mai muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi har ƙirji ya cika, wanda ƙara jirin yake yi. Ka riƙa gwada wannan minti biyar safe da yamma kana lafiya, domin ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Abu biyu kada ka manta. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse, mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko wanda ya zo wajen aikin ƙarfi, ko suma ta sosai, ko jijjiga, asibiti ake kai su ko da an taɓa cewa firgici ne. Na biyu, sabon da jikinka ya yi da ƙwaya ya riga ya faɗi. Adadin da kake sha da, in ka koma masa yau, yana iya jefa ka jijjiga ko ya tsayar da numfashi.

Mijina ya fi shekara 15 yana shan giya kullum. Bara ya daina da kansa, a rana ta biyu jikinsa ya kama rawa, gumi kamar an yi masa wanka, dare na uku ya ce yana ganin tururuwa a bango. Maƙwabcinmu ya ce tsoro ne kawai. Ya koma sha. Yanzu ya ce zai sake dainawa a gida, in kulle shi a ɗaki. In yarda? — Wata matar aure, Jos

Kada ki yarda, baiwar Allah. Abin da ya same shi bara ba firgici ba ne, kuma wannan yana kisa.

Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. In an shekara da shekaru ana dannawa, ƙwaƙwalwar sai ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki, kamar direban da ke taka totur saboda birki ya maƙale. Ranar da aka saki birkin farat ɗaya, motar sai ta ƙwace. Rawar hannu, gumi, tashin zuciya da fargaba sukan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya ta fi zuwa cikin kwana biyun farko. Mafi muni, ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, yakan sauka a rana ta biyu zuwa ta huɗu. Daren tururuwar nan shi ne. Kuma kowane yaye yakan fi na baya tsanani, don haka wanda ya taɓa gane-gane ba a barinsa ya daina a gida.

Ga yadda za ki bambance. Mai firgici ya san ke wace ce, ya san inda yake da ranar da ake ciki, kuma abin taso masa yake ya lafa cikin rabin awa. Mai yayen giya abin ba ya lafawa, ƙaruwa yake, ya fi muni da dare, yana iya kiran ki da sunan wata ko ya ce a kasuwa yake.

A asibiti kwantar da shi za a yi, a ba shi dayazifam, wato Valium, ana rage masa kullum na kamar kwana biyar zuwa bakwai, ko lorazifam in hantarsa ta taɓu. Za a yi masa allurar bitamin B1, saboda masu shan giya sun rasa shi, kuma ƙarin ruwa mai sukari ba tare da shi ba yana iya lalata ƙwaƙwalwa. Za a duba gishirin jininsa, don ƙarancin fotasiyam da maganisiyam kan hargitsa bugun zuciya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ku fara da can. Sai wata magana da ba ta da daɗin ji: kafin ya ga likita kada ya yanke shan gaba ɗaya, kada kuma ki zubar masa da ita. Ku dai gaggauta ganin likitan cikin kwanakin nan.

Bayan an sallame shi, firgici na gaske yana iya biyowa a makonnin farko. Masu shan giya da yawa sun san shi tun da: faɗuwar gaban asuba bayan daren sha, wadda kurɓi ɗaya ke kwantarwa. Ita ce ke mayar da mutane kan kwalba. Ki gaya wa likitan tun kafin sallama don a shirya mata.

Wata uku ke nan da na bar giya. Da firgici ya dame ni wani mai kemis ya ba ni Lexotan, kuma wallahi yana yi mini aiki, mako shida ke nan ina sha kullum. Da na gaya wa likitana sai ya ɓata rai, ya rubuta mini wani da na sha kwana huɗu na ji abin ya ƙaru, na ajiye. Me ya sa za a hana ni mai aiki a ba ni marar aiki? — Wani ma'aikaci, Kaduna

Malam, likitanka yana da gaskiya, sai dai da alama bai zauna ya yi maka bayani ba.

Lexotan, Valium da matasa ke kira D5, da Rohypnol da ake kira roci, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma ƙofar da giya ke bi a ƙwaƙwalwa ita suke bi. Ga wanda ya bar giya, busasshiyar giya ce a takarda. Shi ya sa a asibiti ake ba da su na 'yan kwanaki don sauko da mai yaye, a kuma tsayar. In an sha kullum, cikin mako biyu zuwa huɗu jiki ya fara sabawa. Ƙarfin ƙwayar yana sauka fargaba ta taso, mutum ya ce ciwon ne ya dawo, ya ƙara. Ga kuma wata dabara da take yi wa mutane. Ƙwayar da aka haɗiya tana ɗaukar kusan rabin awa kafin ta kama jiki, firgicin kuwa a daidai lokacin yake sauka da kansa. Yabon sai ya tafi wa ƙwaya, kai kuma ba ka taɓa ganin cewa da ka bar shi ma zai wuce ba.

Amma tunda ka yi mako shida, kada ka jefar da shi yau. Yanke irin waɗannan farat ɗaya yana kawo jijjiga kamar yayen giya. A hankali ake saukowa, galibi ana rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako biyu ko fiye, wani lokaci a fara mayar da mutum kan dayazifam saboda ya fi daɗewa a jini, saukarsa ta fi laushi. Likita ne zai tsara, kuma zai fi kyau ƙwayoyin su zauna hannun maiɗakinka ko wani amintacce, yana ba ka na rana. Kada ka taɓa haɗa shi da giya, kodin ko tiramol. Haɗin nan ne ke sa mutum ya kwanta barci numfashi ya tsaya.

Wanda ka ajiye, muna zaton daga gidan sataralin ne, wanda ake sayarwa da sunan Zoloft, ko fuloksetin, wato Prozac. Su ne maganin farko na ciwon firgici, ba sa bugarwa, ba sa sa kwaɗayin ƙari. Aibinsu biyu. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfani sosai, sannan a mako na farko ko na biyu suna iya ƙara fargaba, tashin zuciya da rashin barci. A nan mutane da yawa ke zubar da su, kamar yadda ka yi a kwana na huɗu. Maganin wannan shi ne farawa da kaɗan: sataralin miligiram 25 na mako guda kafin a kai 50, ko fuloksetin miligiram 10. Koma ka ce a sake farawa da kai ta haka. In ya karɓe ka za ka ci gaba na aƙalla wata shida bayan ka ji sauƙi, da yawa har shekara, kuma shi ma a hankali ake barinsa.

Don amfanin sauran masu karatu: wanda har yanzu yake taɓa tiramol a ɓoye ya faɗa wa likita kafin ya fara waɗannan, domin haɗuwarsu tana iya kawo jijjiga, ko zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa saboda sirotonin ya yi yawa. Wanda bai kai shekara 25 ba a sa masa ido a makonnin farko, in tunanin kashe kai ya zo a koma asibiti a ranar. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi shi ma ya faɗa. Lyrica da wasu ke ba juna shawara yana kama mutum kamar sauran ƙwayoyi. Inderal kuwa yana rage rawar hannu da bugun zuciya amma ba ya warkar da ciwon, kuma haɗari ne ga mai asma.

'Yata mai shekara 22 ta yi fama da shan kodin, an kwantar da ita, an sallamo ta wata biyu da suka wuce. Yanzu sai ta dafe ƙirji ta zube tana cewa Umma zan mutu. Dangin babanta sun ce iska ce, a kai ta gidan mari. An yi ruƙiyya sau biyu, abin ya fi tashi. Ni na rasa ta cewa. — Wata uwa, Zariya

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki. Ba ke kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma 'yan matan da ya riga ya kama suna nan cikin gidaje ana ɓoye su.

Addu'a da karatun Alƙur'ani cikin natsuwa ba sa karo da magani, sukan ma taimaka wa numfashi ya kwanta. Abin da ke tayar da ciwon shi ne yadda ake yi: a cika ɗaki da mutane, a rufe taga, a turnuƙe da hayaƙi, a riƙe ta, a ɗaga murya a kanta. Wadda ke jin numfashinta zai ɗauke, in aka yi mata haka dole ta yi ihu ta fizge, sai a ce ga shi ya bayyana. Batun gidan mari kuwa, ki tsaya da ƙafarki. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani irin gidan a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Ɗauri da duka ba sa cire firgici, ƙaro shi suke.

In ya taso mata, ki sallami kowa, mutum ɗaya ya isa. Buɗe taga, zaunar da ita ta jingina, ki zauna gefenta ba a kanta ba. Kada ki ce ba komai, don ita ta san da komai. Ki ce: na gani, irin na rannan ne, ya wuce rannan, yanzu ma zai wuce, ina nan. Ki yi numfashin da muka bayyana a amsar farko a gabanta ta bi ki, ya fi ki ba ta umarni. Ki ba ta abu mai sanyi ta riƙe, ki ce ta lissafa miki abubuwa biyar da take gani a ɗakin. Ki duba agogo ki gaya mata mintin da ya ɗauka bayan ya wuce. Jin cewa minti 12 ne kawai yana rage tsoron na gaba. Kada a kwara mata ruwa, kada a ɗura mata komai, kada a sa mata leda ko wani abu a fuska wai ta numfasa ciki.

Ki lura da zubewar. Mai firgici ba kasafai yake suma ba, don hawa jininsa yake yi ba sauka ba. Tana jin ki, tana amsawa, tana tuna abin bayan ya wuce. In kuwa hankalinta yana gushewa gaba ɗaya, ta sandare, ta ciji harshe, ta saki fitsari, ta farka ba ta san me ya faru ba, wannan jijjiga ce, a kai ta asibiti a kuma bincika ko ta koma kan tiramol ko roci. In kin iya ɗaukar bidiyon abin a waya ki nuna wa likita, ya fi dogon bayani.

Sai ki samu lokacin da kuke ku biyu ki tambaye ta, ba da faɗa ba, me ya fara kai ta ga kwalbar. 'Yan mata da yawa firgicin ne ya riga kodin zuwa, wasu kuma akwai abin da aka yi musu da ba su taɓa faɗa ba. Ki kuma tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin hallaka kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ku koma inda aka kwantar da ita, ko asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Ni direban babbar mota ne. Na bar tiramol da sigari rana ɗaya, wata biyu ke nan. Goro da shayi da lemon ƙara kuzari ne ke riƙe ni a hanya. Amma bugun zuciya ya fi da. — Wani direba, Gusau

Direba, ka kori ɓarawo ta ƙofa ya dawo ta taga. Goro, shayi, Nescafe da lemon kuzari duk kafeyin ne, sinadarin da ke wartsake mutum ya hana shi barci, kuma kafeyin mai yawa yana tayar da firgici ga mai saurin kamuwa. Iyakar da ake faɗa wa lafiyayyen baligi miligiram 400 ce a rana, mai firgici kuwa ƙasa da haka ma yana iya taɓa shi. Lemukan kuzari da yawa suna da kamar miligiram 30 a kowace mililita 100, ka ga robar rabin lita ta kai 150. Panadol Extra ma kowace ƙwaya tana da 65.

Ga abin da mutane ba su sani ba: hayaƙin sigari yana sa hanta ta yi saurin ƙone kafeyin. Da ka bar sigari saurin ya ragu, don haka shayin da ka saba sha yanzu ya fi daɗewa a jininka, ya fi ƙarfi. Ka raba abin da kake sha biyu, ka ci gaba da ragewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, don yankewa gaba ɗaya tana kawo ciwon kai da kasala. Fara da lemon. Bayan azahar kada ka ƙara, saboda rabin kafeyin yana nan a jiki bayan awa biyar, kuma rashin barci shi ne babban abokin firgici. Kada ka wuni da yunwa, ka kuma yi hattara da magungunan mura masu buɗe hanci. In ya taso kana tuƙi, gangara gefe ka kashe mota har ya wuce.

Na bar wiwi wata biyar. Tun da firgici ya kama ni a masallacin Juma'a ban koma ba, kasuwa ma yarona nake aikawa ya sayo mini yadi. A shago ina lafiya. Haka zan zauna? — Wani tela, Sakkwato

A'a, Malam, kuma gara ka tashi yanzu. Yayen wiwi yakan wuce cikin mako biyu zuwa uku, don haka abin da ke riƙe da kai a wata na biyar gudun ne. Duk ranar da ka aiki yaro, ƙwaƙwalwarka tana rubuta cewa ka tsira ne saboda ba ka je ba. Yau masallaci da kasuwa, gobe mota, jibi ƙofar gida.

Maganin da ya fi tabbata shi ne zama da masanin halayyar ɗan'adam, kamar sau 12, mako-mako, ana gyara yadda kake fassara abin da jikinka ke yi, ana kuma tunkarar abin tsoron daki-daki. Ka tambaya a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ga yadda aikin yake. Za ka rubuta wuraren da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Ka fara da mai 3 ko 4, misali sallar azahar a masallacin unguwa a sahun baya. Ka zauna har tsoron ya sauka aƙalla rabi, ko da minti 30 ne. Ka maimaita kullum har ya gundure ka, sannan ka hau na gaba: tsakiyar sahu, bakin kasuwa da safe, cikin 'yan yadi da rana tsaka, daga ƙarshe Juma'a. Inda ake yin kuskure shi ne fita da gudu lokacin da tsoron ke ƙololuwa, ko tsallakawa zuwa mai maki 9 a rana ta farko, ko zuwa sau ɗaya a wata. Sai kuma 'yan dabarun fakewa: zama kusa da ƙofa kullum, ƙwaya a aljihu ko da ba a sha ba, taɓa jijiyar hannu ana ƙirga bugu. Su ma ɗaya bayan ɗaya ake ajiye su.

Akwai sashe na biyu da ke ba mutane mamaki. Da gangan za a sa ka jawo alamun: ka yi haki na minti ɗaya, ka juya a kujera har jiri ya zo, ka hau bene da gudu, ka numfasa ta bututun shan lemo. In ka jawo bugun zuciya da hannunka sau ashirin ka ga ba abin da ya faru, ya daina zama labarin mutuwa. Wannan kada ka fara shi kai kaɗai, kuma ba a yi wa mai ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, mai juna biyu, ko wanda ke cikin kwanakin yaye.

Abokai za su ce ka ɗan ja kaɗan ka samu natsuwa. Wiwi yana ƙara gudun zuciya, kuma yana cikin abubuwan da suka fi tayar da firgicin farko, balle irin mai ƙarfin da ke yawo yanzu.

An ɗora ni kan sataralin. In azumi ya zo in ajiye? — Wata ɗaliba, Maraɗi

Kada ki ajiye, 'yar'uwa. Sau ɗaya ake shan sa a rana, don haka mayar da shi sahur ko bayan buɗa-baki ya wadatar. In yana hana ki barci ki zaɓi sahur, in yana sa ki gyangyaɗi ki sha da dare, ki dai tsaya kan lokaci ɗaya, kuma da abinci a ciki. Ajiye shi farat ɗaya yana kawo jiri, fargaba da wani ji kamar wutar lantarki a kai cikin 'yan kwanaki. Shayi mai kauri ki fara rage shi mako biyu kafin watan ya kama, ki kuma sanar da likitarki sabon lokacin da kika zaɓa.